Jiragen Fasinja Masu Wuce Gudun Sauti: Za Su Gajarta Mana Hanyar Jidda, ko Ƙararsu Ce Rabonmu?

Tun ranar 28 ga Janairu, 2025, da wani ƙaramin jirgin gwaji na kamfanin Boom ya wuce gudun sauti a saman hamadar Mojave da ke Amurka, zancen bai kwanta ba. Gidajen rediyo sun kawo shi, wayoyi sun yaɗa shi, kafin ya iso majalisun ƙauyukanmu ya riga ya sake kama. Abin da ake ji a teburin mai shayi da rumfunan kasuwa shi ne wai an ƙera jirgin da zai ɗauki maniyyaci daga Kano ko Dutse ya dire shi a Jidda cikin awa biyu. To, an ƙera ɗin? Su wa ke wannan aiki, me ya hana shi kammaluwa, kuma me zai taɓa a rayuwar manomin Ringim ko makiyayin Maigatari da wataƙila bai taɓa shiga jirgi ba?

A gajarce, sabon jirgin fasinjan bai samu ba tukuna, ko guda ɗaya. Idan ma ya samu, hanyar Jidda na cikin hanyoyin da ba su dace da shi ba. Sai dai akwai ɓangaren da ya shafe mu kai-tsaye kuma ba a cika tabo shi ba, wato abin da mutanen ƙasa za su ji idan jirgin ya bi ta samansu.

Me ake nufi da wuce gudun sauti?

Sauti tafiya yake yi a cikin iska, kuma yana ɗaukar lokaci. Shi ya sa da damina ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa: kowane daƙiƙa uku tsakaninsu na nufin nisan kusan kilomita ɗaya. A ƙasa, in iska ba ta yi zafi sosai ba, sauti na cin kusan kilomita 1,235 a awa. Can sama, inda sanyi ke kai digiri 56 ƙasa da sifili, yakan ragu zuwa kusan kilomita 1,060. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu dawo gare shi.

Injiniyoyi na auna gudun jirgi da ma'aunin Mak, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyya ɗan Ostiriya, Ernst Mach. Mak 1 shi ne gudun sauti, Mak 2 ninkinsa. Jiragen da ke jigilar alhazai, irin su Boeing 747 da Airbus A330, suna tafiya tsakanin Mak 0.82 da 0.85, wato kusan kilomita 900 a awa. Haka jiragen fasinja ke gudu tun wajen 1960. An rage musu shan mai da ƙara, an ƙara musu aminci, amma ba a ƙara musu sauri ba, kuma da gangan aka yi hakan.

An taɓa yi, aka daina

Matuƙin sojan Amurka Chuck Yeager ne ya fara wuce gudun sauti, a 1947. Daga baya Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera Concorde, wanda ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1976. Yana gudun Mak 2, kusan kilomita 2,180 a awa, a tsayin kilomita 18, da fasinja 100. Landan zuwa Niyok awa uku da rabi, inda sauran jirage ke cin awa bakwai zuwa takwas. Tarayyar Sobiyet ta yi nata, Tu-144, amma ya ɗauki fasinja sau 55 kacal aka ajiye shi a 1978. Amurka kuwa tun 1971 ta soke nata aikin na Boeing 2707 kafin ya tashi.

Concorde 20 aka ƙera, 14 suka yi aikin fasinja, rabi a British Airways, rabi a Air France. A ranar 25 ga Yuli, 2000, ɗaya ya taka wani ɗan ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titin tashi a Paris, taya ta fashe, ɓarɓashinta ya daki tankin mai, wuta ta kama, mutum 113 suka rasu. Mutane da yawa na ɗaukar wannan haɗari ne ya kashe jirgin. Ya taimaka, amma cutar ta daɗe: kuɗin kula da shi ya yi yawa, kujerarsa ta zuwa da dawowa ta haura dala 10,000, hanyoyin da aka yarda ya bi kaɗan ne. A 2003 aka sallame shi gaba ɗaya.

Tsawar da ke bin jirgi

Nan ne gindin matsalar, kuma nan aka fi samun rashin fahimta. Mutane na zaton ƙarar na fita sau ɗaya ne, a daidai lokacin da jirgi ya tsallake gudun sauti. Gaskiyar ita ce muddin yana gudu sama da Mak 1, yana jan ƙarar a bayansa tsawon tafiyar duka. A dubi kwale-kwale mai inji a kogin Haɗeja: igiyar ruwan da yake tsagawa tana bin sa, kuma duk wanda ke bakin gaɓa sai ta iso gabansa bayan kwale-kwalen ya wuce. Jirgin haka yake yi wa iska. Ya fi sautinsa gudu, iskar gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta zama bango mai matsi wanda ke sharo ƙasa. Idan ya iso kunne sai a ji tsawa biyu a jere, ɗaya daga hancin jirgin, ɗaya daga wutsiyarsa.

Faɗin wurin da wannan tsawa ke sauka, ga jirgin da ke tsayin da Concorde ke bi, yakan kai kilomita 80 ko fiye, kusan nisan Kano zuwa Kazaure. Duk garin da ke cikin wannan faɗi, tun daga farkon hanya har ƙarshenta, zai ji.

Wace ɓarna take yi? Kada a zuzuta: tsawar jirgi irin Concorde ba ta rushe gini mai lafiya. Abin da take taɓawa shi ne gilashin taga, yaɓe, da bangon da dama ya tsage. Babbar illarta ita ce firgita, domin tana zuwa ba gargaɗi, ba hadari, ba walƙiya. A 1964 gwamnatin Amurka ta gwada abin a kan mutanen birnin Oklahoma, tsawa takwas a rana har wata shida, jimilla sama da 1,200. Dubban mutane suka kai ƙorafi, wasu suka nemi diyya. A 1973 Amurka ta haramta wa jiragen farar hula wuce gudun sauti a saman ƙasarta, wasu ƙasashe suka bi sahu. Wannan ya takura Concorde ga saman teku, ya kuma kore masa kasuwa.

Hanyoyi biyu ake bi yanzu don warware wannan. Ta farko ita ce sauya siffar jirgin. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin Lockheed Martin sun ƙera X-59, mai tsawon kusan mita 30, wanda hancinsa kaɗai ya ci kusan sulusin tsawon, domin igiyoyin matsin su rarrabu kada su haɗu su zama tsawa ɗaya mai ƙarfi. Saboda dogon hancin, matuƙin ba shi da tagar gaba, da kyamara da allo yake ganin hanya. Ya fara tashi a Oktoban 2025. Amma mutum ɗaya yake ɗauka, kuma jirgi na ƙara girma da nauyi, tsawarsa na ƙara wuyar rufewa.

Ta biyu ita ce amfani da bambancin zafin iska da muka ambata. Tunda sauti ya fi gudu a iska mai zafi ta ƙasa fiye da mai sanyi ta sama, igiyar tsawar na lanƙwasa yayin da take saukowa. Idan jirgin bai wuce gudun sauti da yawa ba, sai ta juya sama kafin ta taɓa ƙasa. Sharaɗin shi ne gudun jirgin, in an auna shi da ƙasa, kada ya kai gudun sautin da ke ƙasan. Mu ɗauki ranar bazara a Gumel, zafi ya kai digiri 40: sauti a ƙasa na gudun kusan kilomita 1,280 a awa, a sama kuma 1,060, don haka jirgi zai iya kai wajen Mak 1.2 ba a ji shi ba. Da sanyin hunturu wannan tazara na raguwa, haka ma idan iska na tura jirgin daga baya. Ke nan sai an riƙa lissafin yanayi a kowane lokaci, in lissafin ya kuskure tsawar ta sauka. Boom ya ce da wannan dabara jirgin gwajinsa ya wuce gudun sauti ba a ji a ƙasa ba, kuma a Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce hukumar jiragen Amurka, FAA, ta janye haramcin 1973 ta maye gurbinsa da ma'aunin ƙara.

Mai da inji

Ko da an gama da tsawa, ga mai. Turjiyar iska na hauhawa sosai da zarar an kusanci Mak 1. Fukafukin da ke yanka iska da kyau a babban gudu gajeru ne masu siffar kusurwa uku, kuma ba sa ɗaga jirgi da sauƙi. Jikin jirgin dole ya zama siriri, wanda ke nufin kujeru kaɗan. Tankunan Concorde na cin lita 119,000, fiye da tankar mai uku da rabi irin mai lita 33,000 da muke gani a kan titi, yana kuma ƙona kusan lita 25,000 a awa. Man da yake sha ya ƙetare Tekun Atlantika da mutum 100 ya yi kusa da wanda Boeing 747 ke sha da mutum 400. Cibiyar bincike ta ICCT ta ƙiyasta a 2018 cewa sababbin jiragen ma za su ƙona ninki biyar zuwa bakwai na man jirgin yau a kan kowane fasinja. Kamfanonin na amsawa da cewa za su yi amfani da man da ake sarrafawa daga tsirrai da tsohon man girki, amma irin wannan mai bai kai kashi 1 cikin 100 na man jirgin da duniya ke sha ba, kuma ya fi na yau tsada nesa.

Injin kuma shi ne ƙashin bayan komai. Injin jirgin yau na da ƙatuwar fanka a gaba, wani faɗinsa ya haura mita uku, ita ke sa shi rage ƙara da shan mai. A gudun da ya wuce sauti wannan faɗi ya zama cikas. In an ƙanƙanta fankar, inji ya dace da gudu amma ya cika filin jirgi da unguwannin kewaye da ƙara a lokacin tashi. Samun tsaka-tsaki tsakanin waɗannan biyu shi ne aikin da ba wanda ya kammala a jirgin fasinja. Ga zafi: gogayyar iska na sa hancin Concorde ya kai digiri 127, jikinsa ya miƙe da kusan santimita 20 a cikin tafiya.

Su wa ke cikin tseren?

Abin lura shi ne manyan maƙera, Boeing da Airbus, ba su ne a gaba ba. Ƙananan kamfanoni ne sababbin tashi, masu rayuwa da kuɗin masu zuba jari, waɗanda ba su taɓa sayar da jirgin fasinja ba.

Mafi shahara shi ne Boom, wanda Blake Scholl ya kafa a 2014 a jihar Colorado. Jirgin da yake alkawari sunansa Overture: Mak 1.7, fasinja 64 zuwa 80, zango ɗaya na kusan kilomita 7,870. Wanda ya wuce gudun sauti a Janairun 2025 shi ne XB-1, ɗan ƙaramin samfuri mai ɗaukar matuƙi kaɗai, da tsofaffin injunan kamfanin GE uku irin na jiragen soja, ya kai Mak 1.12. Nasara ce ta gaske ga kamfani mai zaman kansa, amma tsakaninsa da jirgin da zai ɗauki mutum 80 lafiya kullum akwai tafiya mai nisa. A 2022 Rolls-Royce, wanda ake sa ran zai yi injin, ya janye, sauran manyan maƙeran inji ba su karɓa ba, dole Boom ya ɗauki nauyin ƙera nasa mai suna Symphony. Ya gina masana'anta a birnin Greensboro na Amurka a 2024. Ranar fara ɗaukar fasinja an taɓa cewa 2023, daga baya aka koma 2029.

Za a ji ana cewa an riga an sayi jiragen 130. A yi hattara da wannan adadi. Kamfanin jiragen sama na United ya yi odar 15 a 2021, na American ya yi ta 20 a 2022, sauran galibi damar saye ce nan gaba, haɗe da na Japan Airlines. Kafin alƙalami ne aka bayar, da sharaɗin sai jirgin ya cika ƙa'idojin aminci da aiki. Tarihi ya nuna yadda irin wannan ke kasancewa. Kamfanoni fiye da goma sun nemi Concorde sama da 70, a 1973 kamfanonin jiragen Amurka Pan Am da TWA suka janye, sauran suka bi. Kamfanin Aerion, wanda Boeing ya mara wa baya kuma yake iƙirarin odar sama da dala biliyan 11, ya rufe a Mayun 2021 ba tare da ya tayar da jirgi ko ɗaya ba, saboda kuɗin ƙira sun gagara. Exosonic ya rufe a 2024. Hermeus na Amurka, mai burin Mak 5, ya fi karkata ga aikin soja. Ƙera sabon jirgin fasinja da samun amincewar hukuma na cin biliyoyin daloli da shekaru masu yawa, kuma a nan ne ake faɗuwa.

Masu goyon baya na da hujjoji da ya kamata a saurara: kayan ƙira marasa nauyi masu jure zafi sun samu, kwamfuta na gwada dubban siffofi kafin a yanka ƙarfe, kuma masu biyan kujerar manya a jirgi sun ninka na zamanin Concorde. Boom na cewa zai iya cin riba da kusan dala 5,000 zuwa da dawowa tsakanin Niyok da Landan. A ganina, ko wannan ya tabbata, jirgin masu hali ne, kuma ba aibu ba ne a faɗi haka a fili.

Lissafin Kano zuwa Jidda

Tsakanin Kano da Jidda akwai kusan kilomita 3,400 a miƙe, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙaru. Kusan duk hanyar saman ƙasa ce, Chadi da Sudan, sai ɗan tsallaken Bahar Maliya a ƙarshe. Ba inda za a saki Mak 1.7 ba tare da an zuba wa mutane tsawa ba. In an bi dabarar Mak 1.2, abin da za a rage bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma a daidai gudun da jirgi ya fi wahala da turjiyar iska.

Sai yawan mutane. A 2023 Najeriya ta samu kujerun Hajji 95,000. Jirgin da ke ɗaukar fiye da 400 ake buƙata, mai ɗaukar 80 sai ya yi sawu biyar kafin ya kwashe na sawu ɗaya. Kuɗin kujera a 2025 ya haura naira miliyan 8, kuma kuɗin jirgi babban kaso ne a ciki. Wanda ya sayar da shanu ko ya tara kuɗin riɗi na shekaru don ya sauke farali, ba awa ɗaya a sama ce damuwarsa ba. Kwanakin jira a sansanin alhazai da sauyin ranar tashi su ne ke cinye masa lokaci, kuma gudun jirgi ba ya maganinsu.

Hanyoyin da suka dace da waɗannan jirage su ne na saman teku. Ko a nan, Legas zuwa Niyok ya haura kilomita 8,400, ya fi ƙarfin zangon Overture, sai an yada zango an sha mai.

Sararin samaniyarmu

Ga inda abin ya zo gida. Jirage da yawa da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka ta saman Aljeriya, Nijar da arewacin Najeriya suke bi, kuma a taswirar matuƙan duniya sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano aka san shi. Idan Turai ta ce ba a yi mata tsawa ba, kamfanin da ya sayi jirgi mai tsada zai nemi inda zai saki gudu, kuma idonsa zai faɗa kan Sahara da Sahel, waɗanda daga nesa ake musu kallon fili mara kowa. An taɓa yi: a ranar 30 ga Yuni, 1973, Concorde na gwaji ya bi inuwar husufin rana a saman Sahara da gudun Mak 2, masana suka kalli husufin na minti 74, ya sauka a Chadi. Wannan sau ɗaya ne don bincike. Kullum safe da dare wani abu ne daban.

Yankinmu kuwa cike yake da mutane. Gidajen ƙasa da yaɓensu, garken shanu a makiyaya, gonakin kaji, asibitocin karkara, da jama'ar da matsalar tsaro ta sa duk ƙara mai kama da fashewa na iya tayar da gari da tsakar dare. Gwaje-gwajen jin ra'ayin jama'a da NASA ta tsara da X-59 a garuruwan Amurka za a yi su, da irin gininsu da yanayinsu. Ma'aunin da zai fito daga can shi za a kai wa hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal, wadda Najeriya mamba ce a cikinta.

Doka na tare da mu. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samanta. A Disambar 1977 Malesiya ta hana Concorde bi ta samanta zuwa Singafo, aka dakatar da hanyar bayan sawu uku, sai a 1979 aka dawo da ita. Indiya ma ta ƙi yarda a wuce gudun sauti a samanta. A Najeriya wannan hurumin hukumar NCAA ne mai kafa ƙa'ida, da NAMA mai kula da zirga-zirgar sama. Abin da ya dace su nema kafin a ba kowa izini a bayyane yake: iyakar ƙarar da za ta sauka ƙasa a rubuce, na'urorin aunawa a kan hanyar da jirgin zai bi, gwaji a yanayinmu na bazara da hunturu, da hanya mai sauƙi da mutumin ƙauye zai kai ƙorafi a biya shi in an yi masa ɓarna. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kano da Jigawa na da damar tambayar waɗannan hukumomi matsayinsu tun yanzu.

Akwai kuma ɗan abin samu. Landan zuwa Johannesburg kusan kilomita 9,000 ne, dole jirgi irin Overture ya tsaya shan mai a tsakiya, kuma Kano ta taɓa zama zangon jiragen Turai masu zuwa kudu a shekarun 1940 da 1950. Amma irin wannan jirgi na da tsananin buƙata. Concorde na barin ƙasa da gudun kusan kilomita 400 a awa, kuma ɗan ƙarfe ɗaya a kan titi ya isa ya jawo abin da ya faru a Paris. Filin da ke son wannan ciniki sai ya tabbatar da titi mai tsabta da ake dubawa kafin kowane tashi, man jirgi da ba ya yankewa, da na'urorin sauka masu aiki ko ƙurar hunturu ta rufe gari.